Yadda Ake Tantance Lafiyar Tsohon Kwabo da Sule Kafin a Yi Musu Kuɗi

Ka ajiye sule guda biyu na 1913 a gabanka, na azurfa, masu hoton Sarkin Ingila Joji na Biyar a fuska da bishiyar kwakwar manja a baya. Shekararsu ɗaya, ƙarfensu ɗaya, gida ɗaya ya buga su. Ɗaya ba zai wuce kuɗin azurfar da ke jikinsa ba, ɗayan kuwa masu tara tsofaffin kuɗi za su yi rububinsa. Lafiyar jiki ce ta raba su. Kuma sau da yawa wanda ya fi ɗaukar ido, mai walƙiya kamar sabon faranti, shi ne wanda ya faɗi, domin an wanke shi. Abin da ake aunawa shi ne yawan ƙarfen da hannuwa da aljihuna suka cinye daga jikin kuɗin tun ranar da ya fito daga gidan bugu, da irin ɓarnar da ta same shi daga baya. Ƙyalli ba shi ne ma'auni ba.

Za mu yi misali da kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Ingila, wato anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka (mai darajar sule biyu), domin su ne suka fi fitowa daga tsofaffin adakoki da gwangwanayen kakanni a Najeriya da Gana. Hanyar dai ɗaya ce ga kowane tsohon kuɗin ƙarfe.

Kayan aiki da zama

Ba su da yawa. Fitila guda ɗaya ta tebur mai ƙwan da ke ba da haske daga wuri ɗaya, a ɗakin da aka rage sauran haske. Dogon ƙwai mai farin haske yana baje haske ko'ina, sai ya ɓoye ƙananan ƙarce, hasken rana kuma yana kashe ido. Sai gilashin ƙara girma mai ninki 5, irin na masu gyaran agogo. Mai ninki 10 na neman ƙaramin harafi ne da duba jabu. In ka auna lafiya da shi, kowane ɗigo zai zama rami, ka rage wa kuɗi daraja ba gaira ba dalili. Sai sikelin masu zinariya da ke nuna giram har lamba biyu bayan ɗigo, da maganaɗisu, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur saboda ko kuɗin ya suɓuce.

A gefe ake riƙe kuɗi, tsakanin babban yatsa da manuniya. Kada ka dafa fuskarsa. Gumin yatsa yana da gishiri da maiƙo, kuma a jikin tagulla zanen yatsan yana iya zama daram bayan 'yan watanni, ba abin da zai cire shi. Kada ka yi magana da bakinka a kansa, ɗigon yawu shi ke zama baƙin tabo nan gaba.

Ka san abin da ke hannunka tukuna

Ba a auna kuɗin da ba a san kamanninsa na asali ba. Karanta shekara, sunan sarki, da ƙaramin harafin gidan bugu. H na nufin gidan Heaton a Birmingham, KN na gidan King's Norton, shi ma a Birmingham, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi galibi bugun Landan ne. Shekara ɗaya mai harafi dabam tana iya zama mai wuyar samu, don haka wannan ɗan harafin yana ɗaga farashi ko ya sauke shi.

Ƙarfen ma yana sauyawa da zamani, kuma kowanne da irin tsufansa. Aninin 1907 na alminiyam ne, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a duniya, amma bai jure yanayin nan ba, yana yin farin gari yana cin jiki, shi ya sa a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Sule ya fara fitowa a 1913, bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, da azurfa mai tsarkin 925 cikin 1000. Daga 1920 aka koma rawayan ƙarfe mai haɗin kuza, daga 1938 kuma wani rawayan mai haɗin nikel, wanda aka yi wa kwari a tsakiyar gefensa don a toshe wa masu jabu hanya. Kwabon 1952 zuwa gaba na tagulla ne.

Sai ka ɗora a sikeli. Sulen azurfa giram 5.66 ne, fataka 11.31. Wanda ya suɗe zai ɗan ragu kaɗan, wannan ba komai. Amma in zanen jikinsa bai ci ba, ga shi kuma nauyi ya gaza da kusan rabin giram, ka yi shakka. Azurfa da haɗin jan ƙarfe da nikel ba sa bin maganaɗisu. Jabun da aka zuba a narke yana da fuska mai ƙuraje-ƙuraje ko ƙananan huji kamar na soso, haruffansa sun kumbura ba su da kaifi, wani lokaci har da siririn layi a gefe inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu.

Abu ɗaya da ke yawan ruɗar mutane: kwabo mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas na 1936. Da yake ya sauka daga sarauta a Disambar shekarar, ana ɗauka kuɗinsa ba ya samuwa. An buga anini da ɗari da kwabo da sunansa da yawa sosai don Afirka ta Yamma. Shi ma lafiyarsa ce ke yi masa kuɗi.

Inda ci ke fara kamawa

Kowane zane yana da tudu da kwari. Tudu ne ke fara gogar yatsa da sauran kuɗi, don haka can ido zai fara zuwa, kafin ma a karanta rubutu.

A sulen Joji na Biyar, duba zoben kambin da ya zagaye goshi, mai jerin duwatsu, da ƙananan ƙwallayen da ke bin bakan kambin. Daga nan gashin baki da gemu, da kunne, da sarƙar da ke kan alkyabbarsa a kafaɗa. A baya, duba tsakiyar bishiyar inda rassa suka haɗu, da tsagin ganyen kowane reshe, da zanen da ke jikin gangar bishiyar. Ganyen kwakwar nan shi ne shaida mafi gaskiya: a sabon sule kowane tsinke a rabe yake, a wanda ya sha hannu kuwa reshen ya zama kamar an shafa shi da cokali.

Masu huji, wato anini da ɗari da kwabo, ba su da hoton sarki. A fuska akwai kambi a saman hujin, da sunan sarki kewaye, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. A baya akwai tauraro mai tsini shida. A nan kambi ne ma'auni, sai layukan tauraron, musamman inda suka gitta juna, sai ɗigogin rubutun Larabcin. Ka duba bakin hujin da kyau. Mutanen da sun saba jera kwabbai a igiya, sai igiyar ta ci bakin hujin ta wani ɓari ya zama kamar ƙwai. Wannan ɓarna ce. Hujin da ya kauce daga tsakiya tun daga gidan bugu kuwa kuskuren bugu ne, bakinsa a tsabtace yake, kuma akwai masu nemansa takanas.

Fuska da baya duka ake aunawa, kuma wanda ya fi rauni shi ke jan ɗan'uwansa ƙasa.

Matakan

Ma'aunin da kasuwar duniya ta fi amfani da shi daga 1 ne zuwa 70. William Sheldon ne ya fito da shi a Amurka a 1949 don tsofaffin kwabban ƙasarsu, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowane kuɗi. Ba kowace lamba ake amfani da ita ba, kuma kowace tana tafe da haruffan da ke taƙaita sunan matakin a Turanci.

Daga 1 zuwa 3, wato PO, FR da AG, kuɗi ya suɗe, da ƙyar ake gane iri da shekara, bakinsa ya haɗe da rubutu. A G, lamba 4 da 6, rubutu da shekara suna karantuwa, amma hoton sarki inuwa ce kawai, kambi ya zama dunƙule. A VG, 8 da 10, baki ya fito sosai ya rabu da haruffa, ana ganin siffar kambi da ɗan alamar rassan bishiya. A F, 12 da 15, kusan rabin ƙananan zanen ya tafi, zoben kambi na nan amma duwatsunsa sun haɗe, gemu ya shafe a tsakiya. Mafi yawan abin da ke fitowa daga gwangwanin gida yana tsakanin G da F ne, kuma ba abin kunya ba ne a rubuta haka.

VF yana da faɗi, 20, 25, 30 da 35, kuma a nan ake yawan gardama. Ci ya kama dukkan tudu amma bai sauka kwari ba. Ana iya ƙirga wasu duwatsun kambi, gashin baki ya rabu da kunci, yawancin tsagin ganye na nan sai tsakiyar bishiya da ta lafe. In kana shakka tsakanin 20 da 30, duba ko lafewar ta haɗe wurare biyu da ya kamata su rabu, misali kunne da gashin da ke bayansa. In sun haɗe, ƙasa yake.

A XF, 40 da 45, komai na zanen yana nan, ƙololuwar tudu ce kawai ta ɗan lafe, kuma akwai sauran sheƙin asali a maɓoya, tsakanin haruffa da ƙarƙashin rassa. A AU, 50, 53, 55 da 58, sai ka juya kuɗin a haske kafin ka ga gogar, sheƙin kuma daga kusan rabi ne zuwa kusan duka. Daga 60 zuwa 70 shi ne MS, kuɗin da bai taɓa shiga hannun ciniki ba, babu ci ko kaɗan.

Dillalan Ingila sun fi amfani da haruffa ba lamba, kuma hannunsu ya fi tsauri, abin da suka kira EF, wato sunansu na XF, sau da yawa Ba'amurke zai ce AU ne. Masu hulɗa da kasuwar Faransa, kamar 'yan'uwa na Nijar, za su ga B, TB, TTB, SUP, SPL da FDC, daga ƙasa zuwa sama. In za ka rubuta mataki, faɗi ma'aunin da ka bi.

Sheƙin asali, da iyakar AU da MS

Nan ne kuɗi ke ninkawa, nan ne kuma ake tafka asara. Lokacin da hatimin ƙarfe ya daki fallen kuɗi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Su ne ke mayar da haske. Riƙe kuɗin a ƙarƙashin fitila, ka karkata shi kana juyawa a hankali. In sheƙin asali na nan, za ka ga bakin haske biyu suna zagaye fuskar kamar farfelar fanka. Ka bi hasken da ido. Idan ya hau kan kunci da kambi ya wuce ba tare da ya yanke ba, MS ne. Idan ya zo kan tudu ya mutu, wurin ya yi toka-toka ko ya sauya launi, an taɓa kashe kuɗin, AU ne, komai kyansa.

Kada lamba ta ruɗe ka. AU 58 sau da yawa ya fi MS 60 kyan gani, domin MS 60 bai sha hannu ba amma ya sha karo da 'yan'uwansa a cikin buhun da aka yi jigilarsu, jikinsa duk sara. A cikin MS abin da ake dubawa shi ne yawan waɗannan saran da inda suka faɗa, da ƙarfin sheƙi, da kyan bugu. Sara ɗaya a kuncin sarki ko a buɗaɗɗen fili gaban fuskarsa ya fi uku da suka ɓuya a cikin rassa illa. A 63 akwai sara amma ba ya damun ido, a 65 sai an nema, sama da haka kuwa abu ne mai wuya ƙwarai a kuɗin da suka yi tafiyar jirgin ruwa a buhu.

Akwai lafewar da ba ci ba ce. Wani lokaci bugun ne bai yi ƙarfi ba, ƙarfe bai cika kwarin hatimi ba, sai tsakiyar bishiya ko kambi ya fito a lafe tun yana sabo. Bambancin shi ne wurin da bugu bai kama ba launinsa ɗaya da sauran jiki, kuma haske yana bi ta kansa. Wurin da hannu ya ci kuwa santsi gare shi, launinsa dabam. Haka nan in hatimi ya tsufa, haruffa sukan yi kamar ana jan su zuwa baki, fili ya yi ɗan kaushi. Wannan ma ba ya sauke kuɗi daga MS, sai dai ya rage masa lamba a ciki.

Ɓarna, musamman wanki

Ci dabam, ɓarna dabam. Kuɗin da ya sha hannu tsufa ya yi. Wanda aka wanke, ko aka huda, ko aka lanƙwasa, rauni aka yi masa. Manyan kamfanonin tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, ba sa ba irin wannan lamba. Suna rubuta matakin zanensa kawai, su faɗi aibinsa a kan takardar, kuma farashinsa yana faɗuwa ƙasa da na lafiyayye mai zane iri ɗaya.

Wanki ya fi komai kashe tsofaffin kuɗi a wajenmu. Mutum ya tsinci sulen kakansa ya yi baƙi, sai ya nemi toka, ko tsamiya, ko lemun tsami, ko man goge baki, wani har da soson ƙarfe, wai ya gyara kafin ya kai kasuwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Toka da man goge baki suna da ƙananan tsakuwa da ke kankare layukan sheƙin nan, kuma ba sa dawowa har abada. Tsami yana cin fatar ƙarfen, tagulla ta koma ja mai kama da ɗanyen nama, azurfa ta yi fari fat marar rai. Baƙin da ake gudu kuwa launin tsufa ne, masu saye suna son sa in ya kwanta daidai.

Gane wankakke ba wuya in an saba. Karkata shi a fitila, za ka ga siraran ƙarce da yawa sun miƙe gefe ɗaya a fili, suna bayyana suna ɓacewa in ka juya. Ƙarcen kashewa kuwa barkatai yake, kowanne da inda ya nufa. Alama ta biyu, fili ya yi fes amma dauɗa ta maƙale a jikin haruffa kamar an zagaye su da biro. Ta uku, zane ya ci har matakin F amma jiki na walƙiya. Kuɗin da ya sha hannu haka ba shi da dalilin yin haske.

Gefe ma a zagaye shi da ido gaba ɗaya. Nemi lotsawar faɗuwa, da alamar zarto inda aka so a gyara lotsawar, da tabon dalma ko wurin da ya yi santsi fiye da kima, alamar an taɓa liƙa masa kunne an yi abin wuya ko zobe da shi. Wanda ya kwana a ƙasa cikin tukunya yakan fito da fuska mai ramuka. Koren da ke jikin tagulla iri biyu ne. Mai tauri da santsi launin tsufa ne, a bar shi. Mai gari-gari da ke tashi in an taɓa shi ciwo ne mai ci gaba da cin ƙarfe, a raba shi da sauran kuɗi nan take.

Tagullar da ba ta sha hannu ba ana ƙara mata alamar launi: RD in jan asali ya kusa cika, RB in ya gauraya da ruwan ƙasa, BN in ya koma ruwan ƙasa. Kwabon 1952, da kwabon Tarayyar Najeriya na 1959, da kwabon 1973 na farkon naira duk suna shiga wannan lissafi. Ja na asali yana tafe da sheƙi mai zagayawa, jan da tsami ya fito da shi kuwa a mace yake.

Dalar Maria Theresa

Wannan babbar azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya ta shigo Borno da Kano ta hanyar fataucin Sahara, mata kuma suka mayar da ita kayan ado. Shekarar 1780 da ke jikinta ba ta nuna tsufanta, shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da ita aka ci gaba da buga dalar a Vienna da wasu birane irin su Landan, Roma da Bombay. Nauyinta giram 28.07, azurfa 833 cikin 1000, da rubutu mai tudu a gefenta. Ci yana fara kama ƙwallayen maɗaurin da ke kafaɗar sarauniya, da na kambin goshinta, da gashin kanta, a baya kuma kawunan gaggafa da gashin fikafikanta. Da yake yawancin na hannun mutanenmu an rataya su, gefe da saman kai ne wurin fara dubawa, ko akwai huji da aka cike ko tabon liƙi. Cikakken huji yana da launi dabam, kuma harafin da ke wurin yakan zama an sake sassaƙa shi da hannu.

Yanke hukunci da ajiya

Fara da ido tsirara, kuɗin na nesa da fuskarka kamar taƙi ɗaya na hannu, ka faɗi matakin da ya fara zo maka. Sannan ka ɗauki gilashi don tabbatarwa. Gwada da hotunan irin kuɗin da kamfanonin nan suka riga suka tantance, akwai su a intanet kyauta, amma ka nemi iri ɗaya da ƙarfe ɗaya, domin azurfa tana ci da wuri fiye da haɗin nikel. In ka tsaya tsakanin matakai biyu, ɗauki na ƙasa, tunda mai kaya kullum idonsa yana ƙara wa kayansa. Rubuta shekara, harafin gidan bugu, nauyi, mataki, da kowane aibi da sunansa, kamar "VF, an wanke" ko "XF, lotsawa a baki". Aika kuɗi waje a tantance yana cin kuɗin aiki da na jigila da na inshora, bai dace ba sai ga mai wuyar samu ko wanda ya kai AU zuwa sama.

Kowane kuɗi a ba shi gidansa shi kaɗai, ko ɗan kwali mai taga na inci 2 da 2, ko ƙoƙon roba mai tauri. Guji leda mai laushi mai warin sabon labulen roba, tana fitar da wani maiƙo kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. In ya riga ya kama, tsantsar asiton na cire shi: a zuba a kofin gilashi, a tsoma kuɗin na 'yan mintoci a wuri mai iska nesa da wuta, a sake tsoma shi a sabon asiton, a bar shi ya bushe da kansa ba tare da shafa ba. Ruwan goge farce bai dace ba, yana da turare da mai. Da damina a sa ɗan ƙullin maganin laima irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi cikin akwatin, da hunturu kuma a rufe shi ruf, domin ƙura ma tana ƙarce in aka share ta da ƙyalle. In ka ɗinke kwalin da ƙusar takarda, ka danne ƙafafunta da filaya su kwanta, kada su kwarzani kuɗin da ke kwali na kusa.